Daga littafin aji zuwa allon talabijin: hanyar da marubucin labari ke bi

  

A hutun da ya wuce na je gida Zango. Wata rana da yamma na kai wayata caji wani shago da ke bakin kasuwa, inda ake tura finafinai a waya. Na tarar da yara huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon katun ɗin Japan, irin wanda ake kira anime. Sun san sunan jarumin, sun san sunayen takubbansa, har gardama suke yi kan wanda ya fi wani ƙarfi. Na tambaye su, "To wa ya rubuta labarin?" Suka dube ni kamar na tambaye su wanda ya haƙa rijiyar Kusugu. Ɗayansu ya ce, "Yaya, ai katun ne. Ba rubuta shi ake yi ba, zana shi ake yi."

Da na koma makaranta sai na tarar da saƙon wata ƙanwarmu 'yar aji biyar daga Daura. Ta ce ta cika littafin rubutu uku da wani labari da take ƙirƙira, ƙawayenta na karɓa suna karantawa, amma a gida an ce ɓata lokaci take yi. Tambayarta ita ce: shin rubutun labari yana kai mutum wani wuri kuwa? Maganar yaran nan da tambayar wannan ƙanwa tamu abu ɗaya suke zagayawa, shi ya sa na haɗa su a makon nan.

Bari mu fara da katun ɗin da yaran ke kallo. Sunansa Sword Art Online, labarin mutum 10,000 da suka maƙale a cikin wani wasan kwamfuta, wanda duk ya mutu a wasan ya mutu a zahiri. Kafin ya zama katun, littafi ne, kuma wanda ya rubuta shi sunansa Reki Kawahara, an haife shi a 1974. Irin littafin da yake rubutawa Japanawa na ce masa "labari marar nauyi": ƙaramin littafi mai shiga aljihu, mai sauƙin harshe, mai yawan hira tsakanin taurari, da 'yan zane-zane a tsakiya, wanda ake yi musamman don matasa masu shekaru irin naku.

Kawahara ya rubuta labarin ne don shiga wata gasar marubuta mai suna Dengeki a 2002. Da ya gama sai ya ga ya zarce adadin shafukan da aka ƙayyade, don haka bai ma tura ba. Ya ɗora shi a shafinsa na intanet da sunan aro, ya ci gaba da ƙara masa babi shekara da shekaru, masu karatu na biye da shi. Sai a 2008 ya shiga gasar da wani labarin daban mai suna Accel World, ya zo na ɗaya. Editan da aka haɗa shi da shi, Kazuma Miki, ya karanta tsohon labarin na intanet, ya ce shi ma a buga shi. Littafin farko ya fito a watan Afrilun 2009, katun ya biyo baya a 2012, a 2017 kuma Kawahara da daraktan suka haɗu suka rubuta fim na sinima a kan labarin. Kwafin littattafan da aka sayar a duniya sun haura miliyan 20. Ku lissafa da kanku: shekara bakwai daga gasar da bai shiga ba zuwa littafi, shekara goma zuwa allo.

Wani zai ce wannan ai Japan ce, ina ruwan ɗan Zango ko 'yar Baure da ita? To ku saurara, mu ma muna da irin wannan hanya, kuma ta girmi ta Kawahara nesa ba kusa ba.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin waɗanda suka shiga akwai wani matashin malami a Makarantar Midil ta Katsina, ɗan shekara 22, wato Abubakar Imam. Labarinsa shi ne Ruwan Bagaja. Daga wannan gasa aka samu Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. East bai tsaya a ba da kyauta ba. Ya jawo Imam zuwa Zariya suka zauna aiki tare, daga nan aka samu Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da zane-zane, waɗanda aka yi don 'yan makaranta. A 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shi kuma Shaihu Umar, a 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim. Kun ga gasa, kun ga edita, kun ga littafin matasa mai zane, kun ga fim. Matakalar ke nan, iri ɗaya da ta Japan.

Amma waɗanda labarinsu ya fi kama da naku su ne marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990, waɗanda aka laƙaba wa littattafansu sunan littattafan soyayya ko adabin kasuwar Kano. A lokacinsu tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya daga buga sababbin labaran Hausa. Marubutan ba su zauna jira ba. Mutum ya rubuta labarinsa, ya nemi kuɗi ya kai maɗaba'a, a buga masa a takarda mai araha, a raba labarin gida biyu ko uku don kuɗinsa ya zo daidai aljihun mai saye, sannan ya ɗauka da kansa ya kai wa masu sayar da littattafai a kasuwa. Shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne dillali.

Ado Ahmad Gidan Dabino yana cikin jagororinsu. An haife shi a 1964, karatun allo ya yi yana yaro, bai samu shiga boko ba sai da ya girma, ta hanyar makarantar manya. A 1991 ya fitar da In Da So Da Ƙauna, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad ɗan talakawa. Littafin ya karaɗe ƙasar Hausa har ya tsallaka Nijar, ya kuma sha suka daga masu ganin yana ɓata tarbiyya. A daidai wannan lokaci finafinan bidiyo na Hausa ke tasowa, don a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Bayan 'yan shekaru In Da So Da Ƙauna ya koma fim, marubucinsa ya shiga harkar da ƙafar dama. Shi da abokansa suka kafa ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, suna taimakon juna wajen bugu da talla. A 2014 gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta MON. Masu kallon Kwana Casa'in sun san fuskarsa, amma da yawa ba su san alƙalami ne ya kai shi wurin ba.

Ga ƙanwarmu ta Daura kuma, ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta tun tana ƙarama aka yi mata aure, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? suka biyo baya. An mayar da Alhaki fim a shekarun 1990, a 2012 kuma wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya mai suna Blaft ya buga fassararsa ta Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi. Ita da kanta ta shiga shirya fim, ita ce ta kawo mana Juyin Sarauta. Matar da aka katse wa karatu a firamare, yau littattafanta ake nazari a jami'o'i.

Hanyar ba ta toshe ba bayan su. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta buƙaci masu rubuta shiri mai dogon zango, sai ta nemo su a cikin marubutan littafi. Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih duk da littafi aka fara saninsu, kafin su shiga cikin masu rubuta Daɗin Kowa. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata, wadda ta fito da marubuta da dama da ba a san su ba a da.

To mene ne bambancinmu da Japan? A can matakalar a kafe take. Gasa tana zuwa duk shekara, wanda ya ci ana haɗa shi da edita da mai zane, kamfani ya buga, a sa hannu a yarjejeniya, duk kwafin da aka sayar marubuci yana da kasonsa. A nan kuwa sau da yawa marubuci shi ke sassaƙa matakalar da zai hau. Kasuwar littafin takarda ta ja baya sosai tun da waya ta shigo. Yanzu a WhatsApp da Facebook da Wattpad ake sakin labari, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Wannan ya sauƙaƙa farawa, don ba sai ka je maɗaba'a a Kano ba, kana zaune a Zango labarinka zai kai Damagaram. Amma ya zo da nasa ramin, kuma ni na taɓa faɗawa.

Ina aji biyar na rubuta wani labari a kan yaron da ke bin babansa fataucin dabbobi zuwa tsallaken iyaka. Babi goma sha ɗaya na yi, ina bugawa a wayar yayata da dare, ina turawa wani zaure na WhatsApp. Ban sa sunana a kan ko wane babi ba, a tunanina ai kowa a zauren ya san ni. Bayan kusan shekara guda wani abokina ya turo mini labarin daga wani zauren daban, an haɗe shi wuri ɗaya, an canza masa suna, an sa sunan wata a sama, har ana cewa a tura katin waya kafin a ba da ci gaba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban ƙarasa labarin ba, don jarrabawa ta zo na ajiye shi, ita ce ta yi masa ƙarshe. Wayar da na buga shi ta lalace, littafin da na fara rubuta shi a ciki an yage shi an ƙulla ƙosai. Ba ni da abin da zan nuna in ce nawa ne. Na yi kwana biyu ina fushi, daga baya na gane rabin laifin nawa ne.

Daga wannan, da kuma tarihin mutanen da na ambata, ga abin da zan gaya muku.

Na farko, ku ƙarasa abin da kuka fara. Babu wanda ya kai allo da rabin labari. Abin da ya ceci Kawahara shi ne lokacin da edita ya tambaye shi, yana da kammalallen aiki a ajiye. Gajeren labari mai shafi huɗu da ya kai ƙarshe ya fi babi talatin da aka watsar a hanya. Idan wannan ne karonka na farko, fara da gajere.

Na biyu, ku koyi zama cikin iyaka. Kowace gasa tana da adadin kalmomin da ta ƙayyade, kowane shirin talabijin yana da mintocinsa. Kun dai ji abin da zarce shafuka ya jawo wa Kawahara. Gwada wannan: ɗauki labarinka ka rage kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da ka taɓa ƙashin bayansa ba. Yawanci abin da zai fita shi ne doguwar gaisuwa, da siffanta kayan ɗaki da motoci, da hirar da ba ta ciyar da labari gaba. Za ka ga ya fi daɗi.

Na uku, ku riƙi darasin Hausa da muhimmanci. Da yawa daga labaran da ke yawo a waya ba sa karantuwa saboda rashin ƙa'idar rubutu: an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an bar ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, babu aya babu waƙafi. Kowa ya san "baki" daban, "baƙi" daban. Alƙalin gasa da ke da tulin labarai a gabansa ba zai tsaya yana cankar abin da kake nufi ba. Abin da malamin Hausa ke koya muku don WAEC da NECO shi ne kayan aikin marubuci. Ku kai masa labarinku ya sa jan biro, shi ne editanku na farko, kuma kyauta.

Na huɗu, ku kare sunanku. A saman kowane babi a sa suna da kwanan wata. A adana littafin da aka fara rubutawa da hannu. A tura wa kai kwafi ta imel, don ranar da aka tura za ta zauna a rubuce ko waya ta ɓata. Kada a dogara da dandali guda, domin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, labari ya zama naka tun daga lokacin da ka rubuta shi, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Dokar ta kuma ce mallaka wa wani haƙƙin ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka duk ranar da wani ya ce zai sayi labarinka ya yi fim ko ya karanta a YouTube, kada ka amsa kai kaɗai. Sa babanka ko yayanka ko malaminka a ciki, a rubuta nawa za a biya, me aka saya, na tsawon wane lokaci, kuma za a sa sunanka ko ba za a sa ba. 'Yan mata musamman, duk wanda ya ce ku same shi wani wuri a ɓoye don zai mai da ku marubutan fim, ba labarinku yake so ba.

Na biyar, ku sani rubutun littafi daban, rubutun fim daban. A littafi kana iya cewa Hadiza ta ji kunya, ka wuce. A fim kyamara ba ta ganin zuciya, sai ka rubuta abin da Hadiza ta yi da za a gani: ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta kasa ƙarasa magana. Ana rubuta fim fitowa bayan fitowa, kowace da wurinta da lokacinta, dare ne ko rana, ciki ne ko waje. Sannan komai kuɗi ne. Mai littafi zai iya ƙona gari guda da layi ɗaya, mai fim sai ya tambayi furodusa ko akwai kuɗin hayar doki biyar. Idan kuna kallon shiri a gida, ku ɗauki takarda ku ƙirga fitowa nawa aka yi kafin talla, ku lura da inda kowace ta tsaya. Makaranta ce wannan.

Na shida, ku duba gida kafin ku duba waje. Ina karanta labaran da ƙannenmu ke turowa, sai in ga jarumi yana zaune a Dubai, ko yana da takobi mai wuta irin na katun. Ba laifi ba ne mutum ya fara da kwaikwayo, kowa da haka ya fara. Amma Japanawa da tatsuniyoyinsu da tarihin mayaƙansu da rayuwar makarantunsu suka ci kasuwar duniya. Mu da ke masarautar Daura muna zaune a kan taska. Ga Daurama da Bayajidda da macijin Kusugu. Ga tarihin garinmu Zango, inda zuriyar Sarkin Gwari Abdu suka zauna bayan jihadi ya fitar da su daga Daura, suna riƙe da sarautarsu kusan shekara ɗari, har 1906 da aka mayar da Malam Musa kan gadon Daura. Ka yi tunanin yaron da aka haifa a Zango a wancan zamani, yana jin labarin birnin kakanninsa da ba shi da ikon shiga. Wannan kaɗai ya isa shiri mai zango biyar. Ga kuma rayuwar bakin iyaka ta yau: 'yan uwan da rabi ke Najeriya rabi ke Nijar, ɗalibar da ke tafiya mai nisa zuwa makaranta, manomin da ke jiran ruwan farko. Ku zauna da kakanninku ku yi tambaya tun suna raye.

Yanzu ga amsar tambayar ƙanwarmu kai tsaye. E, rubutu yana kai mutum wani wuri, sunayen da na lissafa shaida ne. Amma ba zan ɓoye miki ba, kaɗan ne ke ci da shi kaɗai, a nan da Japan duka. Abubakar Imam malamin makaranta ne lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Da yawa daga marubutanmu na yau malamai ne, ko 'yan jarida, ko ma'aikatan lafiya, ko 'yan kasuwa. Gidan Dabino da Hajiya Balaraba kuwa, da ba su samu boko da wuri ba, da ƙafarsu suka koma suka nemo shi. Ke da kike da shi a hannu kada ki sake shi. Idan Umma ta ce ɓata lokaci ne, kada ki yi gardama da ita. Ki ware wa rubutu lokacinsa, ko rabin awa ne bayan kin gama aikin gida da na makaranta, ki bar sakamakon jarrabawarki ya yi miki magana. Wata rana ki karanta mata babi ɗaya. Iyaye sun fi sakin jiki da abin da suka ji da kunnensu a kan abin da ake ɓoyewa ƙarƙashin filo.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta labari da bai wuce kalma 500 ba, wanda ya faru a garinku, yana da farko da tsakiya da ƙarshe. Ku sa suna da aji da kwanan wata a sama, ku ba malamin Hausa ya duba, sannan ku aiko wa wannan fili. Waɗanda suka fi tsaruwa za mu tattauna su a nan. Ni ma na koma kan labarin ɗan fataken nan nawa, na sake shi daga farko, yanzu ina babi na bakwai, kuma kowane babi da sunana a kai.

Sannan in kun sake zama kallon katun ko Daɗin Kowa, kada ku yi saurin wuce sunayen da ke fitowa a farko ko a ƙarshe. Ku nemi wanda ya rubuta, ku riƙe sunansa.